Inda ake haɗa tiyon gejin turbo a motar dizal

Malam, ka tambayi inda za ka jona tiyon gejin turbo, wato agogon da ke nuna ƙarfin iskar da turbo ke turawa, a Golf ɗinka mai injin 1.9 TDI. Ka jona shi a bututun da ke fitowa daga intakula (mai sanyaya iskar turbo) zuwa manifol (inda iska ke rarrabuwa ta shiga injin), don can ne za ka ga ainihin iskar da injin ke samu. Kada ka yarda bakanike ya yanka siririn tiyon da ke zuwa kan turbo, wannan na sarrafa turbon ne, gejin ba zai nuna maka komai mai amfani ba. Ka sayi geji mai kaiwa bar 2, wato wajen psi 30 a ma'aunin ƙarfin iska.

Idan mota na silo ka ga allura ta kwanta a sifili, kada hankalinka ya tashi. Injin dizal ba ya zuƙo a manifol kamar na fetur, sai ka taka totur a kan hanya sannan ta ɗaga. Abin da ya taɓa cina shi ne tiyo: na bar shi kusa da bututun salansa, zafi ya huda shi, na yi kwanaki ina zargin turbo alhali lafiyarsa ƙalau. Ka nisanta shi da zafi, ka ɗaure kowane baki da kilif.