Ƙarfen sabis a bayan gida: tambayoyinku a kan lafiya, sirri da doka

Assalamu alaikum. Makon nan na jingine tambayoyin batir da na data, domin saƙonnin da suka fi shigo mini daga ƙauyukan Kano da Jigawa duk a kan ƙarfen sabis suke, da kuma 5G, sabon tsarin sabis mai saurin intanet, da ake ta raɗe-raɗi a kansa.

Tambaya daga wata uwa a yankin Ringim: Malam, bara aka kafa ƙarfen sabis a bayan katangarmu. A gidan suna na ji mata suna cewa 5G ne, wai yana hana haihuwa yana kuma sa ciwon daji. Ina da ciki wata biyar, ga yarona yana yawan tari da ciwon kai da daddare. Mu tashi ne?

Hajiya, Allah ya sauke ki lafiya, ya ba yaro sauƙi. Ba zan ce tsoronki shirme ba ne. Mutanen da suka ga abin da gwajin maganin sanƙarau ya jawo a Kano a 1996 suna da dalilin yin tambaya idan an kawo musu sabon abu ba tare da bayani ba.

Da farko, da wuya ƙarfen nan ya zama na 5G. A Disambar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin 5G, MTN da Mafab suka saya, kowannensu a kan dala miliyan 273.6. MTN ya kunna nasa a 2022 a manyan birane bakwai har da Kano, Airtel ya biyo baya a 2023. Zangon da suka saya, 3.5GHz, ba ya cin dogon nisa, shi ya sa kamfanoni suka fi kai shi inda mutane suka cunkushe kuma suke da wayoyi masu tsada. Yawancin ƙarafunan karkara 2G, 3G da 4G suke ɗauke da su. Ki tuna kuma a 2020 an ce 5G ne ya kawo korona, alhali a lokacin ko lasisin ba a sayar ba a Najeriya.

To ko da 5G ɗin ne, abin da eriya ke fitarwa igiyar rediyo ce, dangin abin da gidan rediyo ke watsawa, wanda muka tashi a cikinsa tun zamanin kakanni. Ba irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ba ne, wanda yawansa ke iya lalata ƙwayoyin halittar jiki. Abin da aka tabbatar wannan igiyar tana yi wa jiki idan ta yi ƙarfi ƙwarai shi ne ɗumamawa, kuma a kan haka aka gina iyakar ƙarfin igiyar da ICNIRP, hukumar duniya mai tsara ƙa'idar kariya daga irin wannan igiya, ta sabunta a 2020. Eriyar tana can sama, tana harba saƙonta nesa kamar yadda cocila ke haska gaba ta bar ƙafar mai riƙe da ita cikin duhu. Duk nisan da ya ninka biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wayar da kike manna wa a kunne ta fi ƙarfen can ba ki wannan igiyar, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne, idan sabis ya yi rauni waya ƙara ƙarfi take yi don ta kamo shi. Mai ƙarfe a kusa, wayarsa a hankali take magana.

Batun ciwon daji yana da tushe, gara ki ji shi daga bakina. A 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan igiyar a rukunin 2B, wato abin da ba a tabbatar ba amma ba a rufe bincike a kansa ba, kuma galibi a kan wayar da ake kangawa a kai aka yi maganar. A 2024 aka fitar da wani babban nazari da hukumar ta sa aka yi, wanda ya tattara bincike 63, bai sami alaƙa tsakanin amfani da waya da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. Babu kuma hujjar cewa zama kusa da ƙarfe yana hana haihuwa ko yana taɓa ɗan tayi.

Amma tarin yaronki ya tsaya mini a rai. Ki leƙa gindin ƙarfen, ba samansa ba. Akwai janareta mai shan man gas da ke aiki dare da rana? Ina bututun hayaƙinsa ya fuskanta? Na taɓa zuwa wani ƙauye a gabashin Kano inda ake ta zargin eriya, sai na tarar bakin salansar injin yana kallon tagar ɗakin da yara ke kwana, bangon ya yi baƙi ƙirin. Ƙasar gindin shingen ta jiƙe da baƙin mai, ga rijiyar gidan taku kaɗan daga wurin. Da aka ja guga, sai ga maiƙo yana yawo a saman ruwan. Wannan ita ce cutar da nake tsoro, kuma ita ake iya gani da ido a kai ƙara a kanta. Ki kai yaron asibiti a duba ƙirjinsa, ki gaya wa likita akwai inji kusa da ɗaki, ki mayar da shimfiɗarsa ɗakin da ya fi nisa da hayaƙin. Ke kuma kada ki fasa zuwa awo.

Tambaya daga wani ɗalibi a Gwarzo: Yaya, wannan abin mai kama da ganga da ke jikin ƙarfe fa? Kuma gaskiya ne ƙarfe yana jawo aradu?

Ƙanina, gangar nan ita ce ke haɗa ƙarfe da ɗan'uwansa na wani gari, saitin juna suke kallo, ba ruwanta da gidaje. Aradu kuwa dogon abu take nema, ko rimi ne ko hasumiya. Shi ya sa ake sa wa ƙarfe sanda a ƙololuwa da wayar tagulla da ke sauke wutar cikin ƙasa. Haɗarin yana zuwa ne idan ɓarayi suka yanke tagullar nan. In ka ga an yanke ta, ka sanar da mai gadin wurin tun kafin damina.

Tambaya daga wani ɗan kasuwar hatsi mai cin kasuwar Maigatari: Malam, an ce da ƙarfen nan ake sauraron hirarmu, har ana ganin cikin gidaje. Ni ina harka da kuɗi, hankalina bai kwanta ba.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Eriya ba ta da ido ba ta da kunne. A wasu wuraren akan sa kyamara don masu satar batir da mai, kuma idan ka ga ta leƙa tsakar gidanka kana da ikon cewa a juya ta. Abin da kamfani ya sani game da kai ta wayarka yake saninsa: wane ƙarfe layinka ya kama, wa ka kira, ƙarfe nawa, minti nawa. Tun da aka fara haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, wannan bayanin yana manne da sunanka. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni su adana irinsa har shekara biyu, jami'an tsaro kuma suna iya nemansa ta hanyar da doka ta tsara. A inda 5G ya yawaita, eriyoyi sukan fi kusa da juna, don haka an fi iya ƙiyasta inda mutum yake. Ta ɓangarenka kuma, sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin kiran waya, sannan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ka damar kai ƙara hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, idan an yi wasa da bayananka.

Sai dai a duk waɗanda suka kawo mini kukan an kwashe musu kuɗi, ban ga wanda ƙarfe ya cuta ba. Wani ya bar wayarsa a buɗe a shagon caji ranar kasuwa. Wani ya karanta wa mai POS lambar sirrinsa da ƙarfi. Wani an kira shi da sunan banki ya faɗi lambobin da aka turo masa. Ka sa wa layinka kansa lambar kulle, ba wayar kaɗai ba, don in ta ɓace kada a cire layin a shiga asusunka.

Tambaya daga wani dattijo a yankin Kazaure: Wasu sun zo suna son kafa ƙarfe a filinmu na gado. Sun kawo takarda da Turanci, sun ce in dangwala yatsa a ba ni kuɗi a dunƙule. Maƙwabta kuma sun ce in aka kafa za su rushe.

Baba, Allah ya ja kwana. Kada ku dangwala tukuna. Galibi masu kafa ƙarfe a yau kamfanonin hasumiya ne irin su IHS da ATC, su kuma su ba kamfanonin layi haya, kuma wanda ya zo muku sau da yawa dillali ne kawai. Ku nemi sanin sunan kamfanin da zai sa hannu.

Filin gado ba na mutum ɗaya ba ne. In ba a raba ba, sai kowane magaji ya yarda, har da mata da suke gidajen aurensu, kuma a rubuta rabon kowa. Na ga zumuncin da kuɗin ƙarfe ya raba saboda babban wa ya karɓa shi kaɗai. Ku sami lauya naku, ba nasu ba, ya karanta muku takardar da Hausa a gaban mai unguwa ko dagaci. Ku tabbatar haya ce ba sayarwa ba, shekara nawa ce, kuma bayan shekara nawa za a sake duba kuɗin, domin abin da ya yi kama da dukiya yau, bayan shekara goma ba zai sayi buhunan gero kaɗan ba. A rubuta wanda zai biya diyya idan ƙarfe ya faɗi ko mai ya shiga rijiya, da wanda zai kwashe kayan ya gyara filin idan wa'adi ya cika. Dokar filaye ta 1978 ta kuma ce filin karkara da ake riƙe da shi bisa al'ada ba a miƙa shi ga wani sai da amincewar ƙaramar hukuma, don haka takardar ta bi ta sakatariya.

Maƙwabtanku suna da haƙƙi, ku zauna da su tun yanzu. Ƙa'idar NCC ta 2009 ta ce a bar aƙalla mita 5 tsakanin ƙarfe da gidan mutane, ta hukumar muhalli NESREA ta 2011 kuma ta ce mita 10, wato kamar taku goma sha uku na babban mutum. Ni mita 10 nake ba da shawarar ku tsaya a kai, a kuma juya hayaƙin inji nesa da ɗakuna, in da hali a ce sola da batir za a sa. Amma ku gaya musu maganar rushewa ta fita daga bakinsu. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, wanda ya taɓa su gidan yari zai iya kwana. Mai ƙorafi ya ɗauki hoton hayaƙin ko man da ya zuba, ya rubuta lambar da ke jikin allon shingen, ya fara kai wa kamfanin a rubuce. In an yi shiru, ya kira 622, layin koke na NCC wanda kyauta ne, ya kuma kai kwafin takardar ofishin NESREA na jiharsa.