Tambayi Likita: Ƙafafun Baba sun kumbura tun da aka ƙara masa maganin suga

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekarunsa 68, yana fama da ciwon suga da ciwon zuciya. Wata biyu da suka wuce wani mai kemis ya ƙara masa pioglitazone a kan metformin ɗin da yake sha, wai sugan ya ƙi sauka. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura har takalmin da yake zuwa masallaci da shi ba ya shiga, da dare kuma sai mun tara masa filo uku kafin ya iya barci. Maganin ne ko tsufa?
Maman Khalifa, daga Funtua

Amsa: Wa'alaikumus salam, Maman Khalifa. Allah Ya ba Baba lafiya. Ki kai shi asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Filo ukun nan su ne suka fi tayar min da hankali, domin alama ce ta ruwa ya fara taruwa a huhu.

Ina zargin maganin ƙwarai. Pioglitazone yana sauke suga, amma yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Mai ƙarfin zuciya zai iya ɗauka. Wanda zuciyarsa ta riga ta gaji kuwa, an ƙara wa jaki kaya ne a kan tudu. Ki danna ƙaurinsa da babban yatsa ki ƙirga biyar. Idan kin ɗaga wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, ruwa ne. Ɗan uwan wannan magani, rosiglitazone, tun 2010 aka dakatar da sayar da shi a Turai saboda matsalar zuciya. A 2016 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu magungunan suga biyu, saxagliptin da alogliptin, ga masu raunin zuciya.

Metformin yawanci ba shi da laifi, muddin ƙoda na aiki, don haka ku nemi a gwada masa ƙodar. Idan kuma wani ya ce a musanya da glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, ku yi hattara. Yana iya faɗar da suga ƙasa da 70 (mg/dL) a na'urar gwaji ga dattijon da bai ci abinci ba, balle da azumi. Na sha ganin an kawo tsoho yana gumi yana sambatu, iyalansa na cewa iska ce, alhali sugansa ne ya zube.

Akwai magungunan da ke sauke suga kuma su kare zuciya, irin su empagliflozin da dapagliflozin. Suna da tsada, na sani, amma ki tambayi likitansa ko sun dace da shi.

Ki zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya ki tafi da shi, har da jiƙo da maganin ciwon gwiwa. Diclofenac da ibuprofen ma suna tara ruwa, kuma da wuya ka sami dattijon da ba ya ajiye su a aljihun babbar riga.