Yadda za a tsara fita teku don auna cakuɗuwar ruwa

Ɗan'uwa, ka ce daga nan Kaduna kake son tsara fita bincike kan cakuɗuwar ruwa a doron teku mai kusa da gaɓa. To, fara da lokaci. Ruwan nan da ke tumbatsa a Kogin Kaduna cikin Satumba, Kwara yake shiga, ya gangara Tekun Gini. Bai kai ruwan gishiri nauyi ba, sai ya kwanta a samansa. Ka auna a lokacin, ka koma da rani.

Kowace fita ta kai kwana 15, domin cikar teku ta fi ƙarfi da tsayuwar wata da kuma cikarsa, tsakanin biyun kuwa kusan kwana 15 ne. Na'urar CTD mai auna gishiri, zafi da zurfi, don Allah ka riƙi biyu, ruwan gishiri ba ya barin lantarki lafiya. Jirgi kuwa, tuntuɓi NIOMR, cibiyar binciken teku da ke Legas, tun yanzu.