Allurar Gwiwa da Kasalar da Ke Biyo Bayanta

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, kuma an yi mata allurar sitiroyid a gwiwoyinta biyu sau uku cikin wata takwas. Ciwon yana lafawa, amma tun bayan allurar ƙarshe kasala da jiri suka sa ta a gaba, musamman idan ta miƙe tsaye. Shin allurar gwiwa tana iya taɓa wani sashe na jiki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Ƙwarai tana iya taɓawa, domin maganin ba ya tsayawa a gaɓar da aka zuba shi. A hankali yake tsiyaya cikin jini.

A saman kowace ƙoda akwai wata ƙaramar halitta da likitoci ke kira adirinal, wadda ke samar da sinadarin kotisol, shi kuwa yana taimakawa wajen riƙe ƙarfin jini da daidaita suga, kuma jiki yakan ƙara neman sa a lokacin zazzaɓi mai tsanani, ko rauni, ko tiyata. Da yake sitiroyid na allura, irin su tiriyamsinolon, suna kama da kotisol, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka akwai wadatacce a jini, ta rage umarnin da take aika wa adirinal, ita kuma ta sassauta aiki. Kotisol yakan sauka cikin kwana 1 zuwa 2 bayan allura, kuma a wajen yawancin mutane yana komawa daidai cikin mako 1 zuwa 4 ba tare da sun ji komai ba.

Abin da ya dame ni game da Mama shi ne yawan allurar da kuma haɗa gwiwoyi biyu, domin hakan na iya sa adirinal ta daɗe ba ta farfaɗo ba, ƙarancin kotisol kuwa yana iya kawo kasala da jiri. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka saba barin aƙalla wata 3 tsakanin allura da allura a gaɓa guda. Haɗarin yana ƙaruwa ga mai shan ƙwayar sitiroyid, ko mai shaƙa ko shafa shi, da kuma mai shan maganin ƙanjamau da ke ɗauke da ritonabir, wanda ke hana hanta narkar da allurar.

Ku kai ta asibiti cikin makon nan, ku gaya wa likita ranakun allurar duka, domin a auna ƙarfin jininta tana kwance da tana tsaye, a kuma gwada kotisol ɗinta da safe, wajen ƙarfe 8 zuwa 9. Ƙarancin jini ko maganin hawan jini su ma suna kawo irin wannan jirin, don haka gwaji ne zai raba gardama. Idan kuwa amai ya kama ta, ko ciwon ciki mai tsanani, ko ta ruɗe, ko ta suma, ku garzaya da ita sashen gaggawa nan take, inda allurar haidurokotizon, wadda ke maye gurbin kotisol, ke iya ceton rai.