Tambayi Likita: Ƙwayar Riga-kafin Ƙanjamau

Tambaya: Likita, ni namiji ne da ke saduwa da maza. An ce akwai ƙwayar da ke hana kamuwa da HIV. Yaya ake shanta? Daga wani ƙauye kusa da Ringim.

Amsa: Ɗan'uwa, akwai ta, ana kiranta PrEP. Tenofovir ne haɗe da emtricitabine ko lamivudine. Kada ka saya a kemis. Je asibitin da ke ba da maganin HIV a yi maka gwaji tukuna, domin mai ɗauke da cutar idan ya sha wannan kaɗai, cutar kan bijire wa magani. A duba ƙoda da ciwon hanta nau'in B.

Hanya mafi sauƙi, ƙwaya ɗaya kullum. Akwai kuma tsarin 2-1-1 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2019: ƙwaya biyu awa 2 zuwa 24 kafin saduwa, ɗaya bayan awa 24 da shan farko, wata ɗaya bayan wasu awa 24. Nan wasu kan yi tuntuɓe, sai su manta biyun ƙarshe.

Tashin zuciya ko ciwon kai na makonnin farko yakan wuce. A maimaita gwaji duk wata 3. Mai nisa da asibiti ya koma tun kwalbar ba ta ƙare ba. PrEP ba ta hana ciwon sanyi ko tunjere, kwaroron roba na nan da amfaninsa. In an riga an sadu ba kariya, PEP, wato maganin gaggawa na hana kamuwa da HIV bayan saduwa, za ka nema cikin awa 72, a sha kwana 28.