Ɗana Yana Rigima a Kan Kofi: Anya Ƙwaƙwalwarsa Lafiya?

Tambaya: Ɗana mai shekara 4 yakan fashe da kuka idan na zuba masa ruwa a gajeren kofi mai faɗi, na zuba wa yayansa a dogo siriri, wai an fi ba yayansa, alhali a gabansa na auna daidai wa daida. Na yi bayani har na gaji. Ko hankalinsa na da matsala?

Amsa: Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika gani shi ake sa ran gani ga yaro mai waɗannan shekaru. Masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980, ya yi irin wannan gwajin da kofuna, ya lura cewa tsakanin shekara 2 zuwa 7 yaro yakan kafe a kan siffa ɗaya ta abu. Idon ɗanki yana kan inda ruwan ya kai a tsaye, faɗin kofin kuwa bai shiga lissafinsa ba. Haka kuma bai kai ga mayar da al'amari baya a ransa ba, wato ya gane cewa da an juye ruwan a kofin farko, da ya koma yadda yake. Wannan fahimta takan zauna ne wajen shekara 7.

Ki tuna lokacin da yake jariri, idan aka rufe abin wasansa da ƙyalle sai ya daina nema, kamar ya ɓace daga duniya, har zuwa wajen wata 8 da ya fara ɗaga ƙyallen da hannunsa. Tunani hawa-hawa yake ginuwa. Ƙwaƙwalwar jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ce ta babban mutum, kuma kafin ya cika shekara 5 takan kai kusan kashi 90 cikin 100, amma girma kaɗai bai isa ba, sai yaro ya taɓa, ya gwada, ya yi kuskure.

A ganina, dogon bayani ba zai yi miki amfani yanzu ba, faɗa kuwa zai sa ya ji tsoron faɗin abin da yake ransa, wannan kuma asara ce babba. Ki miƙa masa kofunan biyu ya riƙa juye ruwan da kansa daga wannan zuwa wancan, ki tambaye shi, "Ina ruwan ya tafi? Wa ya ƙara?" sannan ki saurari amsarsa ko da ba daidai ba ce.

Idan dai yana haɗa jimloli, yana yawan tambaya, yana amsawa in an kira shi, babu abin damuwa. Idan ba ya yin waɗannan, ki kai shi wurin likitan yara a duba shi, musamman jinsa. Kafin nan, ki riƙa zuba musu a kofuna iri ɗaya.