Ƙungiyarmu ta masu saƙa ta bunƙasa, mu ci bashin banki ne?

Wata Hajiya ce ta turo tambaya daga wani ƙauye a jihar Jigawa, ta ce su mata ne masu saƙar faifai da tabarma da mafici, sun fara su kaɗan yanzu sun haura 40, suna zubi duk sati. Akwai ɗan sarin da ke zuwa daga Kano yana kwashe kayan, yanzu ya ce yana son ninkin abin da suke ba shi. Wasu cikinsu sun ce a ci bashin banki a ƙara jari, wasu sun ce a'a a ɗebi kuɗin asusu a gyara burtsatsen unguwa. Ita kuma ta ce aiki dai ya ƙaru amma ba ta ga ribar ba.

To Hajiya sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara albarka. Gaskiya ni wannan maganar taki ta ƙarshe ita ta fi tsaya min, don in aiki ya ƙaru riba ba ta ƙaru ba to matsalar tana wajen farashi, kuma in kuka ɗora bashi a kan haka wahala kawai za ku ninka. Ki ɗauki faifai guda ɗaya ki zauna da ma'ajinku ku yi masa lissafi, kabar da ya ci nawa ce, rini nawa, kuɗin mota zuwa kasuwa nawa, sannan abin da mata kullum suke mantawa wato kuɗin hannu. Mace ta zauna tun bayan azahar tana saƙa har magariba yatsu duk sun yi kanta, in aka tambaye ta sai ta ce ai a gida nake ba wani abu na kashe ba. Ta kashe mana. Misali in kayan haɗi sun ci naira 400 ɗan sari ya saya 600, wannan 200 ɗin kuɗin wahalarta ne, shi ma bai kai ba, riba kam babu. Ku tura mutum biyu su shiga Kasuwar Kurmi su yi kamar masu saye su ji nawa ake sayar da irin faifanku, daga nan za ku san yadda za ku yi magana da shi.

Shi kuma mai son a ninka masa kaya, madalla, amma ya ba da kafin alƙalami, ko rabin kuɗin ne, da shi za ku sayi kaba. In da gaske yake zai bayar. Kuma don Allah kar ku rataya gaba ɗaya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya ce kasuwa ta tsaya shikenan kun zauna da kaya jibge a ɗaki gara na ci. Masu biki suna neman faifai da mafici na rabo, a saƙa da sunan amarya ma wasu suke so kuma sun fi ɗan sari biya nesa ba kusa ba, cikin 'ya'yanku ai ba za a rasa mai waya ba, ta ɗauki hoto da rana a wuri mai tsabta ta sa a WhatsApp da Facebook. Sai dai fa oda tana son kaya su zo iri ɗaya, in an ce faifai 100 kar na wance ya fito babba na wance ƙarami, ku yanke ma'auni ɗaya kowa ta bi.

Batun burtsatse kuwa niyya ce mai kyau, amma kar a taɓa jari. Ku dubi tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Nijar a 1991, wanda yanzu ya bazu ƙasashe da dama. Akwatinsu kwaɗo uku gare shi, makullan suna hannun mata uku daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa, kuma kuɗin taimakon juna daban yake da kuɗin zubi, in shekara ta zagayo a fasa a raba kowa gwargwadon abin da ta zuba. Haka za ku yi, a ware wani ɗan kaso daga kowane ciniki a ce wannan na al'umma ne, in ya taru a gyara burtsatse, kuma maza su ma su kawo nasu tunda ba mata kaɗai ke shan ruwan ba. Galibi irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa wuce mutum 30, saboda haka ni a ganina ku rabu gida biyu wajen zubi, wajen sayen kaba da sayar da kaya kuma ku haɗe.

Sai banki. Ban ce kar ku je ba, amma ba yanzu ba. Ku fara yin rajistar ƙungiyar gama kai a ma'aikatar da ke kula da su a jiharku, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya da sa hannun mutum biyu ko uku, kar kuɗin jama'a ya riƙa shiga asusun mijin wata, daga nan ake fara rigima. Ku sayi littafi ku riƙa rubuta shige da fice, ko da ajami ne. Duk wanda zai ba ku kuɗi, Bankin Masana'antu ne ko shirin tallafa wa mata na gwamnati, wannan littafin da takardar rajista zai fara tambaya. In kuɗin ruwa kuke gudu akwai bankunan Jaiz da TAJ, su sukan sayi kayan ne su sayar muku da riba sananniya ku biya a hankali. Kuma duk wanda ya zo ya ce ku kawo kuɗin fom zai samo muku tallafi, ku ce ya haɗa ku da ofishin ku je da ƙafarku.

In kun yi lissafin faifan nan ki turo min abin da ya fito, da farashin da kuka jiyo a Kurmi, sai mu duba nawa ya kamata ku ce wa ɗan sarin.